Daga «supine» zuwa «rigingine»: tarihin wata kalma da kwanciyar da take nufi, daga Roma zuwa Azagor

0. Gabatarwa

Kalmar Ingilishi «supine» ba ta cikin kalmomin da ɗalibi yake koya a koleji, amma duk wanda ya taɓa fassara takardar kiwon lafiya, ko ya bi sharhin siyasa a jaridun Ingila, ya ci karo da ita. (Muna cewa Ingilishi ba Turanci ba, domin a bakin mutanenmu na Nijar «Turanci» sau da yawa Faransanci yake nufi.) Ma'anarta ta farko a fili take: mutum ya kwanta bayansa a ƙasa, fuskarsa tana duban sama. Hausa tana da kalma guda wadda ta ɗauke wannan duka, wato «rigingine». Da a nan maganar ta tsaya, da layi ɗaya na ƙamus ya wadatar.

Sai dai kalmar tana da ma'anoni uku. Akwai kwanciyar jiki, akwai wata siga ta aikatau a nahawun Latin, akwai kuma zargi: mutumin da ya saki jiki, ana taka shi bai motsa ba. Mu da muka yi karatunmu da Faransanci, ta biyun kaɗai muka gada a cikin kalmar «supin», shi ya sa in ɗalibinmu ya ga «supine» a takardar likita sai hankalinsa ya tafi wajen nahawu, ko kuma ya tsaya cik. Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne, kwanciyar iri ɗaya ce a ko'ina, amma nauyin da kowace al'umma ta ɗora mata tarihinta ne ya ɗora shi, kuma abin da Ingilishi ya ɗora wa «supine» ba shi ne Hausa ta ɗora wa «rigingine» ba. Za mu bi kalmar daga Roma zuwa Ingila, sa'an nan mu biyo kwanciyar kanta daga asibitocin Paris zuwa karkarar Dakoro, inda bambancin ya wuce zancen ƙamus.

1. Asali: Rumawa da Girkawa

A Latin, «supinus» sifa ce, kishiyarta kuma «pronus», wanda ya karkata gaba ko ya kifa. Saiwarta ɗaya da «sub», ƙarƙashi, kamar yadda takwararta ta Girkanci, «hyptios», take da saiwa ɗaya da «hypo». Hoton da ke ciki shi ne abin da aka juyo ƙarƙashinsa ya dubi sama. Saboda haka ba jikin mutum kaɗai take siffantawa ba. Rumawa suna kiran hannun mai roƙo da wannan sifa in ya buɗe tafinsa ya dubi sama, daidai yadda muke yi in muna addu'a. Daga nan ne masana ƙirar jiki suka samo «supination», wato juya hannu tafi ya dubi sama, kalmar da Faransanci da Ingilishi duka suke aiki da ita.

Ma'anar zargi ma ba Ingilishi ne ya ƙago ta ba. Tun ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, Quintilien, malamin fasahar magana a Roma, yana amfani da wannan sifa ga mai jawabin da ya yi sakaci, bai damu da abin da yake faɗa ba. Malaman dokar coci sun riƙe ta har suka mai da ita kalmar shari'a: suna da wani nau'in jahilci da suke kira «supina», wato jahilcin wanda bai ko ɗaga kai ya nemi sani ba, kuma ba ya zama uzuri. Kundin dokokin cocin Katolika na 1983 yana ɗauke da wannan kalma a doka ta 1325.

Shigar kalmar cikin nahawu ita ce ta fi jan hankalinmu. Diogène Laërce, wanda ya rubuta tarihin masana falsafar Girka wajen ƙarni na 3, ya ruwaito cewa mabiya mazhabar Stoa sun kasa abin da ake faɗa game da mutum kashi uku: akwai «miƙaƙƙe», kamar «yana gani», akwai «hyptios», wato na rigingine, kamar «ana ganin sa», akwai kuma wanda ba ya cikin biyun. Ke nan aikatau mai aikatawa a tsaye yake, wanda aka aikata a kansa kuwa bayansa yana ƙasa. Wasu masana suna ganin daga filin kokowa aka ɗauko wannan hoto. Ba sai an yi wa ɗan Nijar dogon bayani a nan ba. Tun 1975, lokacin da aka buɗe kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi, kowa ya san cewa wanda bayansa ya taɓa ƙasa ba ya da sauran magana.

Manahawantan Latin sun ari sunan amma suka sauya masa wuri. An daɗe ana jingina shi ga sigogi dabam-dabam na aikatau waɗanda ba su nuna mai aiki ko lokaci. Haka abin yake har a babban littafin Priscien, wanda ya koyar a Kustantiniya a farkon ƙarni na 6, kuma galibin masana suna ganin mutumin Kaisariya ne ta Moritaniyar Rumawa, wato Cherchell ta ƙasar Aljeriya a yau. Daga baya sunan ya tsaya a kan sigogi biyu kawai, mai ƙarewa da -um da mai ƙarewa da -u:

(1) venatum it: ya tafi farauta
(2) cubitum eo: za ni kwanciya
(3) facile dictu: mai sauƙin faɗa

Abin lura a nan shi ne yadda Hausa ta fassara misalan ba tare da wata wahala ba. Sigar -um tana bin aikatau na tafiya ne domin ta nuna dalilin tafiyar, kuma wannan shi ne ainihin aikin da sunan aiki yake yi a «ta tafi ɗibar ruwa», «sun tafi kiwo», «za mu jana'iza». Bambancin kawai, Latin ta ware wa wannan aiki siga ta musamman, Hausa kuwa ba ta ware ba. Don haka ba mu ga dalilin shigo da sunan «supin» cikin nahawun Hausa ba, ko da yake kamar ta isa ta ruɗi ɗalibi. An riga an sha wahalar irin wannan aro. Littattafan nahawun Hausa na farko da Turawa suka rubuta, tun daga na Schön na 1862, a kan ma'aunin harsunan Turai aka yanka su, kuma sai a 1960 Parsons ya fito da tsarin giredi wanda ya dubi aikatau na Hausa da idon Hausa. Sunan «supin» ma ba ya zama wuri ɗaya: a nahawun Suwidanci ana kiran wata siga «supinum», alhali ita ce mai bin aikatau na mallaka domin nuna shuɗaɗɗen aiki, abin da ba ya da alaƙa da misalan Latin na sama.

Mu ƙara da cewa ba Girkawa kaɗai suka gina nahawu a kan tsayuwa da faɗuwar jiki ba. «Casus» na Latin faɗuwa yake nufi. Almajirin da ya karanta Ajuruma a zaure kuwa ya san raf'u da nasbu da khafdu, wato ɗaukakawa da kafawa da ƙasƙantarwa.

2. Rabon gado tsakanin Ingilishi da Faransanci

Kalmar ta bayyana a rubutun Ingilishi a ƙarni na 15, da ma'anar nahawu da kuma ta kwanciya. Ma'anar sakaci da ragwanci ta yaɗu ne daga farkon ƙarni na 17, lokacin da marubuta suke ɗibar kalmomi kai tsaye daga Latin. Da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, ya jera su tare: kwanciya fuska a sama, sa'an nan sakaci da kasala. Ƴan siyasa suka karɓe ta hannu biyu. A jawabin da ake jingina wa Patrick Henry na 1775 a Virginia, wanda William Wirt ya buga lafazinsa a 1817, an zargi masu jinkirin yaƙi da Ingila da cewa sun kwanta irin wannan kwanciya suna jiran a ɗaure su. Har yau in ɗan jaridar Ingila ya kira majalisa ko jarida «supine», nufinsa ta miƙa wuya ga mai mulki.

Kishiyarta, «prone», ta bi wata hanya dabam. Ma'anarta da ta fi daɗewa a Ingilishi ita ce karkata ga wani hali ko saurin kamuwa da wani abu. Ma'anar kwanciya a kife daga baya ta zo. Yau masu Ingilishi da yawa suna cewa «prone» ga duk wanda ya miƙe a ƙasa ko ta wace fuska, abin da masu gyaran harshe suke ta ƙorafi a kai. A bakin likita ne kaɗai kalmomin biyu suka ci gaba da zama kishiyoyi sosai, ba sassauci.

Faransanci ya raba gadon uku bai bar shi wuri ɗaya ba. Nahawu ya ɗauki «supin». Likitoci suka koma ga wata saiwar Latin, ta kwanciya, suka ce «décubitus dorsal» ga rigingine, «décubitus ventral» ga rub da ciki, «décubitus latéral» ga kwanciyar gefe. Zargin kuwa ya watse cikin kalmomi irin su «veule» da «passif». Sakamakon haka, mai Faransanci ba ya jin wata dangantaka tsakanin ukun, mai Ingilishi kuwa, ko yana karanta takardar likita, inuwar miƙa wuya ba ta rabuwa da kalmar gaba ɗaya.

3. Abin da Hausa ta ɗora wa kwanciyar

«Rigingine» tana zama a jimla kamar ƴan'uwanta masu nuna halin da jiki yake ciki: zaune, tsaye, kwance, durƙushe, tsugune, kife. Tana ƙarewa da -e kamar su, tana kuma karɓar «a» a gabanta, sai dai aikatau ɗin da za a ce daga gare shi ta fito ba ya yawo a bakin mutane kamar yadda «zauna» da «kwanta» suke yawo. A wasu wurare ana jin «rairan» a madadinta. Ga yadda aka fi amfani da ita:

(4) Ya kwanta rigingine yana kallon rufin ɗaki.
(5) Doki ya kayar da shi, ya faɗi rigingine.

A misali na (4) mutum ne mai hutawa ko mai zurfin tunani. Marubutan ƙagaggun labarai suna son wannan hoto ƙwarai in sun so nuna wanda damuwa ta hana barci. A misali na (5) faɗuwa ce marar kyau, wadda ba a samu tokarewa da hannu ba. Babu ɗaya daga cikinsu da yake zargin mutum da ragwanci. In aka ce «majalisa ta yi rigingine», Bahaushe zai yi dariya ko ya tambayi abin da ake nufi. Abin da Ingilishi yake nufi a nan, Hausa tana faɗar sa da wasu gaɓoɓin jiki: ta naɗe hannu, ta zura ido, ta miƙa wuya, zuciyarta ta mutu.

Abin mamaki, kishiyar ce Hausa ta ɗora wa laifi:

(6) Ya yi rub da ciki da kuɗin ƙungiya.

Wanda ya yi rub da ciki a kan abu ya danne shi, ya ɓoye shi, ya hana masu haƙƙi. Wato inda Ingilishi ya ga aibi a wanda ya buɗe cikinsa ga sama bai kare kansa ba, Hausa ta ga aibi a wanda ya rufe cikinsa a kan abin da ba nasa ba.

A ganinmu ba za a raba wannan da karatun zaure ba. Littafin Ahalari, na Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙarni na 16 daga ƙasar da take Aljeriya a yau, yana cikin littattafan fikihu na farko da almajiri yake karantawa a ƙasar Hausa. A babin sallar marar lafiya ya jera halaye bakwai: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sa'an nan kwanciya a gefen dama, gefen hagu, daga ƙarshe a kan baya. Rigingine ita ce ta ƙarshe, amma halal ce, salla tana inganta a cikinta. Kwanciyar rub da ciki kuwa akwai hadisai a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi da suke nuna ƙyamarta. Gefen dama shi ne na barci, shi ne kuma na kabari.

Akwai wata mas'ala guda da ta shafi rigingine kai tsaye, kuma ita ce mabuɗin sauran bayaninmu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kwance a kan bayansa a masallaci ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Muslim kuma ya ruwaito hani ga irin wannan kwanciya. Malamai suka haɗa ruwayoyin biyu da cewa hanin yana kan wanda ake tsoron al'aurarsa ta bayyana, kamar mai ɗaure da zane kaɗai. Ke nan abin da ake tsoro a rigingine, a wannan al'ada, buɗewar tsiraici ne. Nauyinta kunya ce.

4. Gadon haihuwa

A Hausa in an ce mace «tana kan gwiwa», ba sai an ƙara komai ba, an san naƙuda take yi. Harshen da kansa ya adana yadda ake haihuwa: a durƙushe, da zane a jiki, sau da yawa ita kaɗai ko da wata tsohuwa a kusa, ungozoma kuma babban aikinta yanke cibi da wanka da kula da mai jego. Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith irin wannan haihuwa a littafin da ya fito a 1954, kuma likita Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi ya buga littafinsa kan maganin Hausawa a 1988, ya tarar da al'adar tana nan. Ga mai haihuwar fari, wadda aka kai goyon ciki gidan iyayenta, kunyar ta fi tsanani: ko ƙara ba a so a ji ta yi.

Turai ma ba a kwance take haihuwa ba a da. Kujerar haihuwa da durƙuso da tsuguno su ne aka sani har ƙarni na 17. François Mauriceau, likitan fiɗa na Paris wanda ya yi aiki a asibitin Hôtel-Dieu, ya fitar da littafinsa kan cututtukan mata masu ciki a 1668, inda ya fifita a karɓi haihuwa a kan gado, mace tana kan bayanta an ɗan ta da kafaɗunta. An fassara littafin zuwa harsuna da dama, har da Ingilishi. Wannan kwanciya ta fi sauƙi ga mai karɓar haihuwa: yana gani, yana kai hannu. Da ƙarfen jawo jariri, wanda zuriyar Chamberlen suka daɗe suna ɓoyewa, ya bazu a ƙarni na 18, sa'an nan maganin sa barci ya shigo ɗakin haihuwa a 1847 ta hannun James Simpson na Edimbura, sai rigingine ta zama ita ce haihuwar asibiti, har aka manta cewa zaɓi ce aka yi.

A wannan siga ta iso mana. Gwamna Janar Roume ya kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa a 1905, aka buɗe makarantar likitoci ta Dakar a 1918 tare da sashen horar da ungozomomi. Matan da suka fito daga can sun koyi karɓar haihuwa a kan tebur, da Faransanci, da «décubitus dorsal». Amma ƙasa irin Dakoro, wadda sai a 1947 ta samu mazaunin mulki na Faransawa, ta daɗe ba ta ga wannan tebur ba. Bayan samun ƴancin kai, a shekarun 1960, jahar Maraɗi ce ta yi suna wajen gwada wata hanya: ƙauye ya zaɓi masu ba da agajin farko da ungozomominsa na gargajiya, a ba su ɗan gajeren horo kan tsabta da gane alamun hatsari. Fournier da Djermakoye sun ba da labarin wannan aiki a wani littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1975. Abin lura, wannan tsari ungozoma ya kai wa horo a inda take, bai ce sai mace ta zo ta hau tebur ba.

Azagor tana arewacin gundumar Dakoro, wajen kwarin Tarka, a yankin da gona take ƙarewa makiyaya ta fara. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa a wannan sashe ta ratsa. Ta zama ƙaramar hukumar karkara bisa dokar 2002, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004. Mazaunanta Abzinawa ne da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce harshen da suke haɗuwa a kansa a kasuwa da bakin rijiya. Shekarun da Azagor ta zama hukuma su ne kuma shekarun da tebur ya matso kusa da ita: daga 2001 aka shiga gina ƙananan gidajen likita a karkara ƙarƙashin shirin musamman na shugaba Tandja Mamadu, a 2005 aka ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 aka ɗauke na awon ciki da na yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Manufar hukuma ta koma a haihu a gidan likita. Duk da haka binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa haihuwar da ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa ba ta kai ɗaya cikin uku ba.

Ba za mu ce kwanciya ce kaɗai dalili ba. Nisa yana nan, da rashin mota, da kuɗin hanya, da jiran izinin maigida. Daga Dakoro zuwa Maraɗi kaɗai ya fi kilomita 100. Amma tun 1994 Yannick Jaffré da Alain Prual suka nuna, a bincikensu kan ungozomomin asibiti a Yamai, inda nisa ba shi ne matsala ba, cewa ƙa'idojin kunya da na abin da ake iya faɗa da baki suna karo da abin da aikin yake buƙata, kuma wannan karo yana ɓata tsakanin mai haihuwa da mai karɓa. Littafin da Jaffré da Olivier de Sardan suka shirya a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma ya ƙara fito da wannan rashin jituwa. In muka tuna abin da muka gani a sashe na 3, ba abin mamaki ba ne. Macen da aka ce ta kwanta rigingine, ta buɗe ƙafafu, a gaban baƙuwa ko ma baƙo, an sa ta daidai cikin halin da tarbiyyarta duka ta koya mata ta guje masa.

Ilimin likita da kansa ya juya baya ga abin da ya kawo. A 1953 Howard da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wata larura da suka sa wa suna da wannan kalma ta «supine»: in mai tsohon ciki ta kwanta a kan bayanta, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da take mai da jini zuwa zuciya, sai jininta ya yi ƙasa, jiri ya ɗebe ta, jinin da yake isa ga jariri ya ragu. Maganinta a juya ta gefen hagu. Nazarin da aka tattara daga gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa haihuwa a durƙushe ko a tsugune ko a zaune tana rage buƙatar ƙari da jawo jariri da ƙarfe, ko da yake akwai alamar ƙarin zubar jini, abin da bai kamata a ɓoye ba a ƙasar da jini yake da wuyar samu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙarfafa wa mace ta zaɓi yanayin da take so ta haihu a ciki.

5. Sarƙar fassara

Irin wannan shawara da Ingilishi ake fara rubuta ta. A fassara ta zuwa Faransanci, a koyar da ita ga ma'aikaciyar lafiya da Faransanci, ita kuma ta faɗe ta da Hausa, wataƙila ga macen da harshen gidansu Tamajak ne ko Fulatanci, Hausarta ta kasuwa ce. A kowane mataki akwai abin da yake zubewa. «Supine» ta zama «décubitus dorsal», wannan daidai ne. Amma a ɗakin awo abin da aka fi ji shi ne «kwanta» kawai, domin gadon da kansa ya riga ya faɗi sauran. In saƙon ya fita daga ɗakin, ya koma rediyo ko bakin mai faɗakarwa a ƙauye, «kwanta» ba ta isa ba, tun da kwanciya guda tana da amfani ga wani tana da hatsari ga wani. Jariri rigingine ake so ya yi barci: ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fara hana kwantar da shi a kife a 1992, aka yi gangami a 1994, kuma mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Uwarsa kuwa, kafin ta haife shi, gefe ake so ta kwanta. Mai ciwon huhu mai tsanani da yake kan na'urar numfashi rub da ciki ake juya shi. Gwajin da Guérin na Lyon ya jagoranta, wanda aka buga a 2013, ya nuna mace-mace cikin kwana 28 sun sauko daga wajen kashi 33 cikin ɗari zuwa 16, kuma an yi aiki da wannan dabara sosai a annobar korona ta 2020. Hausa ba ta rasa kalma ko ɗaya a nan: rigingine, rub da ciki, gefen dama, gefen hagu. Ba a buƙatar ƙirƙira ko aro, sai dai a faɗe su cikakku.

Tarkon da ya fi wannan haɗari yana ɗaya ɓangaren. Takardar 2018 ta kira kishiyar rigingine da kalmar Ingilishi «upright», wadda Faransanci yakan mayar «position verticale». Mai fassarar da ya bi ƙamus zai rubuta «a tsaye», kuma babu matar Azagor da za ta ji an ce ta haihu a tsaye ba ta ɗauka wasa ake yi da ita ba. Abin da likitocin suke nufi ya haɗa zama da tsuguno da durƙuso, wato duk yanayin da gangar jiki take a miƙe ba a shimfiɗe ba. Jimlar da ta dace a bakin ungozomar gidan likita ita ce: «Baiwar Allah, in kin fi son kan gwiwa, durƙusa abinki, ga tabarma mai tsabta, ki bar zanenki a jikinki.»